Hakimin Japan da Ya Sa Hannu, da Ubanka da Ya Yi Shiru

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa.

Daga mahaifinka Umaru, a Misfala cikin Makka, zuwa ga ɗana Sa'idu.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Allah ya kai motarku Riyad lafiya, ya tsare ku daga ƙishirwar hanya da lalacewar mota a inda babu rijiya. Allah ya haɗa ka da ubangida mai tsoronSa, ya sa alƙalamin da za ka riƙe ya zama shaida gare ka, kada ya zama shaida a kanka.

Bayan haka, na sa takardar nan a ƙasan akwatinka don kada ka gan ta sai ka yi nisa. In muna zaune ido da ido, ba zan iya faɗin rabin abin da ke cikinta ba. Na san Larabci ya fi maka sauƙi, kai ɗan Makka ne, amma wannan magana da Hausa ta zauna a cikina, da Hausa kuma za ta fita. Ka yi haƙuri da ajamin tsoho, ka karanta a hankali.

Za ka zama magatakarda a ofishin babban mutum. Tun da aka kawo labarin, mahaifiyarka take rabon alewa a unguwa, ni kuwa nake ta juyi. Ba labarin gida zan ba ka ba, ka baro kowa lafiya. Labarin wani hakimi na ƙasar Japan zan ba ka, wanda ban taɓa gani ba, da labarin ubanka wanda kake tsammanin ka sani.

'Yan shekaru kafin babban yaƙin duniya na biyu, kana rarrafe, ina aiki a hannun wani muɗawwif, wato mai ɗaukar nauyin alhazai tun daga saukarsu har tafiyarsu. Aikina jan su ɗawafi, da kafa musu tanti a Mina, da nemo musu raƙuma. A shekarar na sa rai zai haɗa ni da attajiran Masar. Sai ya kira ni ya nuna mini wani ɗan tsoho siriri, gajere, da jaka ɗaya a hannu. Ya ce, "Ya Umar, wannan Alhaji Yusufu ne, daga Japan. Amanarka ne."

Ban san ma akwai wata ƙasa Japan ba. Na dube shi sama da ƙasa, na ce da Hausa a gabansa, "Kowa ya samu rago, ni an ba ni ƙashi." Tsohon bai ji ba. Ya haɗa hannuwa a cinya ya rusuna mini, irin rusunawar da ko sarki aka yi wa sai ya ji daɗi.

Na ja shi ɗawafi da sauri kamar mai korar akuya. A Mina na kafa masa tanti a can gefe, kusa da inda ake ɗaure dabbobin hadaya, wurin da babu iska sai wari da ƙudaje, don na ajiye wuri mai kyau ko wani mai hannu da shuni zai nema. Kwana biyu zafi ya kayar da shi. Da na shiga tantin na same shi kwance, leɓɓansa sun tsage, ya ɗago da ƙyar ya ce da Larabcinsa na littafi, "Ka gafarce ni, na zame maka nauyi."

Sa'idu, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abokan tafiyarsa suka sauka Jidda don kada jirgi ya bar su, ni na goya shi na kawo shi gidanmu. Mahaifiyarka ta yi jinyarsa da kunu da farar shinkafa kusan wata biyu.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ne mafi sauƙi. A ofis za ka ga masu shigowa da alkyabba da masu shigowa da tsumma. Kada ka auna mutum a bakin ƙofa. Wanda ka ajiye a rana don babu kowa a bayansa, ba ka san abin da Allah ya aiko shi ya kawo maka ba.

Da ya fara samun sauƙi, mukan zauna a inuwar bango bayan la'asar. Larabcinsa na malamai, nawa na kasuwa, mu yi ta lalube har mu gane juna. Wata rana ya tambaye ni wa nake yi wa aiki, na gaya masa. Ya ce, "Ubana ma bara ne. Magatakardan wani hakimi ne, ya yi masa hidima tun yana saurayi har ya binne shi." Na ce ya ba ni labari. Ya ɗauki kwanaki yana bayarwa. Sunan hakimin ya faɗa mini ya fi sau goma, harshena bai taɓa riƙe shi ba, don haka Hakimi kawai zan ce maka.

Ya ce a zamanin, ƙasarsu sarki biyu gare ta. Akwai babban sarki a wani birni, ana girmama shi amma ba ya mulki. Akwai sarkin yaƙi a wani birnin, shi ke da iko. A ƙarƙashinsa akwai hakimai, kowa da ƙasarsa da ganuwarsa da mayaƙansa masu takobi biyu. Kowane hakimi sai ya yi shekara a ƙasarsa, ya yi shekara a birnin sarkin yaƙi, matarsa da 'ya'yansa kuwa a birnin suke zama kullum, don kada ya yi tunanin tawaye. Na ce, "Subhanallahi, wane irin wayo ne wannan!" Ya ce haka suka zauna kaka da kakanni babu yaƙi, sun rufe ƙasarsu, baƙo ba ya shiga, ɗan ƙasa ba ya fita.

Wannan Hakimi ya gaji ubansa bai kai shekara ashirin ba, ƙasarsa kuma ƙarama ce. Ranar da ya fara zama da manyan gidansa, kowa ya yaba masa, sai wani tsohon bara ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ka san komai ba tukuna. Ba ka taɓa taka gonar shinkafa ba, kana yanke hukunci a kanta." Kowa yana jiran a ga kan tsohon a ƙasa. Hakimi ya ce a matso da tabarmar tsohon kusa da tasa. Nan ta zauna har tsohon ya mutu.

Daga nan ya yi ta hawa. Aka kira shi birni ya zama mai gabatar da baƙi a fada. Aka ba shi kula da wuraren ibadarsu da shari'o'insu. Aka tura shi riƙon wani babban birni. Kafin furfura ta fito masa, aka sa shi cikin majalisar dattijai, mutum huɗu ko biyar waɗanda su ne ke juya ƙasar gaba ɗaya da sunan sarkin yaƙi. Ka ce waziri ne.

Sai jiragen Turawa suka zo. Alhaji Yusufu ya ce baƙaƙe ne, suna fitar da hayaƙi, suna tafiya ba tare da iska ba, ga manyan bindigogi a jikinsu. Suka ce a buɗe musu tashar ruwa a yi ciniki, ko su buɗe da kansu. Ƙasa ta ɗauki zafi. Kowa yana cewa a yi yaƙi, a kori ƙazamai. Hakimi kuwa ya tafi bakin teku. Ya shiga kwalekwalen masunta, ya sa aka tuƙa shi har kusa da jirgi ɗaya, ya zauna yana kallo tun hantsi har azahar. Da ya dawo ya aika wa hakimai duka, manya da ƙanana, kowa ya rubuto ra'ayinsa, abin da ba a taɓa yi ba. Ya karanta kowace takarda da kansa. Yawancinsu yaƙi suka ce. Amma da yawa cikin masu ihun yaƙi a fili sai su rubuto masa a ɓoye su ce, "Ka san ba za mu iya ba. Ka nema mana mafita."

Ranar da za a sa hannu a yarjejeniyar buɗe wa Turawa tashar ruwa, sauran dattijan majalisa wannan ya ce ciwon kai, wancan ya ce ya tafi gaida mara lafiya. Mahaifin Alhaji Yusufu yana durƙushe yana niƙa tawada. Hakimi ya dube shi ya ce, "Niƙa da kyau. Wannan tawadar ita za ta ci ni, na sani. Amma birnin nan katako ne da takarda, ga mata da yara a ciki. In ban sa hannu ba, wuta za ta ci su. Gara ta ci mutum ɗaya." Ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunansa.

Da tsohon ya kawo nan, na katse shi. Na ce, "Ya san abin da zai same shi?" Ya ce, "Kamar yadda ka san bayan la'asar magariba ce."

Aka sa masa suna maci amanar ƙasa. Wata safiya yana kan hanyar fada cikin irin akwatin nan da mutane ke ɗauka a kafaɗa, wasu samari suka fito da takubba a bakin ƙofar ganuwa. Masu tsaronsa suka kashe su, amma ɗaya ya riga ya sare shi daga kafaɗa zuwa gadon baya. Aka ce a mayar da shi gida. Ya ce a'a, ana jiransa. Ya sa aka ɗaure raunin da ƙyalle, ya ɗora wata riga a kai, ya shiga majalisa ya zauna a miƙe har aka tashi. Sai da ya fita aka ga tabarmar da ya zauna ta jiƙe da jini. Abin da ya fara nema bayan nan shi ne a ba iyayen samarin gawarwakinsu su binne da mutunci. Ya ce, "Ƙasar suke so kamar yadda nake son ta. Jirgin ne ba su je sun gani ba."

Ka san sakamakonsa? Aka tsige shi. Waɗanda suka roƙe shi a ɓoye suka rantse ba su san zancen ba. Aka yanke wani sashe na ƙasarsa aka ba wani. Aka ce ya zauna a gida, a rufe tagogi, kada ya fita, kada a ziyarce shi. Ya yi shekaru a haka. Mahaifin Alhaji Yusufu ya roƙe shi ya bari a fito da takardun da mutanen nan suka rubuto da hannunsu, duniya ta gani. Ya hana. Ya ce in aka tona su, babu wanda zai sake faɗa wa na sama da shi gaskiya a takarda.

Sarki goma zamani goma. Mulkin sarkin yaƙi ya faɗi, babban sarki ya karɓi ƙasa, kuma mutanen da suka kewaye shi su ne waɗanda suka fi zagin Hakimi. Suna hawa suka yi abin da ya fi nasa: suka aika 'ya'yansu ƙasashen Turawa neman ilimi, suka shiga ƙera jiragen hayaƙi. Da rundunarsu ta doso ƙasarsa, mayaƙansa suka taru suna kuka, suka ce ya ba su izini su mutu a kan ganuwa. Ya ce, "Lokacin girbi ya kusa. In kuka mutu, wa zai hana a tattake shinkafar mutane? Ku buɗe ƙofa." Ya miƙa ƙasar da kakanninsa suka riƙe, ya koma wani ɗan gida a gefen gari yana koya wa 'ya'yan manoma rubutu.

Alhaji Yusufu ya gan shi da idonsa a ƙarshen ransa. Ya ce wata rana wani babban waziri na sabuwar gwamnati, wanda dā yana cikin masu neman jininsa, ya zo neman shawara a kan yadda ake magana da Turawa. Hakimi ya dafa masa shayi da hannunsa, ya zauna da shi wuni guda, bai rage masa komai ba cikin abin da ya sani. Da baƙon ya tafi, mahaifin Alhaji Yusufu ya kasa haƙuri, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa shi ne!" Hakimi ya ce, "Na gane shi. Mai zama ne ya sauya, ƙasar tana nan, kuma ita nake yi wa aiki tun farko."

Mutumin nan bai san Musulunci ba, Sa'idu. Al'amarinsa yana wurin Allah, ban isa in ce komai ba. Amma na daɗe ina mamakin yadda Ubangiji yake ajiye irin wannan hali a can ƙarshen duniya, sa'an nan ya ɗauko labarinsa ya kawo shi har inuwar bangona a Misfala. Alhaji Yusufu ya warke, na raka shi Jidda ya shiga jirgi. Wasiƙa ɗaya ya aiko. Da yaƙi ya zo, aka ce ƙasarsu ta sha wuta, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Allah ya jiƙansa in ya riga mu.

To, yanzu ga ubanka.

Na riƙe labarin nan kamar karatu. Duk majalisar da na zauna sai na ba da shi, mutane su yi ta salati. Har ya zamana ana ganina mai hikima saboda labarin wani. Da Shehun Takari, wato shugaban mu mutanen ƙasar Hausa mazauna nan, ya tsufa, ya nemi wakili mai jin Larabci da rubutu, sai aka ce Umaru. Na zama ni ke shiga ofisoshin hukuma a madadin jama'a, ni ke raba gardama, ni ake fara gaisarwa a masallaci.

Ka san Malam Habu maɗinki, wanda tare muka taka ƙasa daga Kano muka ratsa Sudan. Shi kaɗai ke iya ce mini na yi kuskure. Wata rana na raba rigimar wasu maƙwabta a kan mashigin gida, na ba mai ƙarfi gaskiya don shi ke yawan zuwa gaishe ni. Habu ya ce a gaban mutane, "Umaru, ba ka je ka ga mashigin ba." Gaskiya ya faɗa, ban je ba. Na ce masa, "Malam Habu, allura da zare aka san ka da su." Aka yi dariya. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, bai sake zama a majalisata ba. Ni da nake ba da labarin hakimin da ya matso da tabarmar tsoho, ni na kori nawa tsohon da baƙar magana. Daga ranar babu wanda ya rage kusa da ni sai masu cewa haka ne.

In Allah ya ba ka wanda zai ce maka ka yi kuskure, ka riƙe shi da hannu biyu, ko da a gaban mutane ya faɗa, ko da bai iya faɗa ba. Kuma kada ka rubuta hukunci a kan abin da ƙafarka za ta iya kai ka ka gani.

Abin da ke tafe shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Wata shekara wani ma'aikacin hukuma da muke mutunci ya ja ni gefe ya ce, "Ya Umar, ka ji da kyau. An buɗe ƙofa a rubuta mazauna. Duk wanda ya zo aka rubuta shi yanzu, zai samu takarda ya zauna lafiya. In aka rufe, wanda ba shi da ita ba zan iya yi masa komai ba. Ka gaya wa mutanenka." Na san mutumin ba ya ƙarya. Na san abin da ya kamata.

Amma mutanenmu sun baro gida ne suna gudun ƙidayar Nasara. A wurinsu, rubuta suna shi ne farkon haraji da aikin tilas. Muka taru a harabar masallaci bayan la'asar. Kafin in buɗe baki wani dattijo ya miƙe ya ce, "Mu baƙin Allah ne, a littafinSa aka rubuta mu. Duk wanda ya ce mu kai sunanmu ofis, ya sayar da mu!" Wuri ya ɗauki kabbara. Na hango wani da ya daɗe yana son wakilcin yana murmushi, yana jiran in yi magana ya gama da ni. Aka ce, "Wakili, me ka gani?"

Na miƙe. Wallahi Hakimin ya faɗo mini a rai a lokacin, da tawadarsa da komai.  Na ce, "Jama'a, gaggawa aikin Shaiɗan ce. A dakata tukuna mu ga yadda abin zai kasance." Aka yi ta sa mini albarka. Aka rako ni har ƙofar gida.

Bayan kwana uku na bi ta bayan kasuwa na je na rubuta kaina da mahaifiyarka da ku duka. Takardar da ta ba ka damar samun aikin nan da za ka, ranar aka yi ta.

Baffanka Isa, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ya same ni a zaure. Ba za ka tuna shi sosai ba. Ruwa yake ɗauka a kafaɗa yana kai wa gidaje, mutum mai fara'a, ba ya iya riƙe magana a ciki. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ni ban san komai ba sai abin da ka ce. In je in rubuta?" Na san in na ce masa je ka, kafin magariba unguwa ta ji, a ce wakili ya hana mutane ya tura ɗan'uwansa. Na kau da kai na ce, "Ba ka ji abin da na faɗa a taro ba?" Ya ce, "Na ji, Yaya. Shi ke nan." Ya tashi yana murmushi, ya ɗauki garewaninsa.

Aka rufe ƙofar kamar yadda aka faɗa. Ba a daɗe ba aka fara tambayar takarda a hanya. Aka tare Isa da ruwa a kafaɗa, da shi da wasu da yawa cikin waɗanda suka yi kabbara a ranar. Na yi gudu, na shiga duk ofishin da na sani, na bi su har Jidda. Na tarar jirgi ya tashi zuwa Sudan. Matarsa, Inna Hajara, haifaffiyar nan ce, mahaifinta ya riga ya rubuta ta, sai ta zauna da 'yan matanta biyu tana jira. Isa ya shiga aikin gonar auduga a can yana neman hanyar dawowa. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin damina ta biyu. Wani alhaji ne ya kawo mana labari da carbin Isa.

An gaya muku ƙaddara ce. Ƙaddara ce, amma ta bakina ta bi. Hakimin ya sa hannu a kan abin da zai hallaka shi don mutane su tsira. Ni na yi shiru don a ci gaba da gaishe ni, na tsirar da gidana, na bar ƙanena a rana. Takobi ba a zare mini ba, Sa'idu. Tsoron tsaki da harara ne kawai.

Ka ji abin da nake so ka ɗauka. Ranar za ta zo maka, ba makawa, ko a babban abu ko a ƙarami, da za ka san gaskiya, ka kuma san faɗinta zai ci ka. Ba za ta zo da ganga ba. Za ta zo ne ranar aiki kamar kullum, kuma za ka samu kalma mai daɗi ta kaucewa, irin tawa, wadda ba ƙarya ba ce ƙiri-ƙiri. Ka ji tsoron wannan kalmar fiye da ƙarya. Kuma duk abin da ka ga ya dace ka yi wa gidanka a ɓoye, to jama'ar da ke bayanka sun cancanci su ji shi a fili. Sanin labarin mutanen kirki ba ya mayar da mutum na kirki. Ni shaida ne.

Asiri ya tonu, don an ga ba a taɓa kowa a gidana ba. Aka karɓe wakilcin aka ba wancan mutumin da ya daɗe yana son sa. Nan ma ban yi abin kirki ba. Ya zo har gida sau biyu yana tambayar yadda ake bi da ofisoshi, don a ceto sauran da ake tsare da su. Na ce a gaya masa ina barci. Ina kwance ina jin muryarsa a zaure, ina jin daɗin ya rasa hanya. Wa ya san mutum nawa wannan barcin ƙarya ya jawo wa shiga jirgi? Na yi shekara biyu ina huce haushi a kan mahaifiyarka, in ta kawo abinci in ce ya yi gishiri, in ta yi shiru in ce raini ne. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Malam Habu da na wulaƙanta, shi ne ya fara dawowa zaurena, ya zauna da ɗinkinsa.

Duk kujerar da aka ba ka, ka zauna a kanta kamar mai jiran a ce tashi. In an ce tashi, ka tashi da fuska a sake, ka nuna wa magajinka inda komai yake, ko da maƙiyinka ne. Kuma abin da aka yi maka a ofis, ka bar shi a bakin ƙofa, kada matarka ta biya shi.

Saura abu ɗaya. Da na fara rubutun nan na ga ba daidai ba ne in gaya maka abin da ban gaya wa mai haƙƙi ba. Jiya da hantsi na ajiye alƙalami na tafi gidan Inna Hajara. Na same ta tana tsince shinkafa a faranti. Ta ce, "Yaya, lafiya da rana haka?" Ta miƙo mini tabarma, na ƙi, na zauna a ƙasa. Na gaya mata duka, har tambayar da Isa ya yi mini da amsar da na ba shi.

Ba ta daina tsintar ba sai da na gama. Sa'an nan ta ce, "Ranar da ya dawo daga wurinka, na ce masa ya je ya rubuta, kowa ya yi ta kansa. Ya ce mini, Yaya ba zai bar ni in faɗa rami ba." Ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Na daɗe da sani, Yaya. Shekarun nan duka kana aiko mana da hatsi da tufafin sallah, ina karɓa, ina cewa yaushe mutumin nan zai kawo abin da nake jira. Nawa na yafe, duniya da lahira. Na Isa kuwa ba a hannuna yake ba. Sai kun haɗu."

Na taso na wuce Masallacin Harami na yi wa Isa ɗawafi. Zan ci gaba da yi masa muddin ƙafar na ɗaukata. Kai ma in ka tuna, ka sa Baffanka a addu'a, ka sa ubanka.

Allah ya tsare ka a tafiya da zama. Ya tsare harshenka da hannunka, ya ba ka ƙarfin zuciya a ranar da za ka buƙace shi, ya sa ka fi ubanka. Allah ya raba ka da sharrin mahassada da zaƙin bakin masu yabo, ya dawo mana da kai lafiya mu gan ka da idonmu. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ta ce kada ka yi wasa da cin abinci. 'Yan'uwanka da Malam Habu suna gaishe ka. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru